Funfunar Hatsi da Ciwon Dajin Hanta

Ya kai mai karatu, ko a Jibiya ka auno gyaɗarka ko a Maraɗi, duba ta kafin ta shiga tukunya. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi funfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke haddasa ciwon dajin hanta. Suya da tafasa ba sa kawar da ita. Shanya amfanin gona bisa tabarma har ya bushe sarai. Ƙwayar da ta yanƙwane ko take ɗaci, zubar da ita. Kada jin asara ya sa a mayar da ita ƙuli-ƙuli. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B, don haka je a gwada jininka, jariri kuma a yi masa rigakafi cikin awa 24 da haihuwarsa.