'Yata Mai Sikila Ta Samu Jami'a

Wata uwa daga Gusau ta rubuto cewa 'yarta mai ciwon sikila ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma ba ta taɓa kwana nesa da gida ba. Tana tambaya ko ta hana ta tafiya.

Hajiya, kada ki hana ta. Masu sikila da dama sun gama jami'a lafiya lau, amma shirin daga gida yake farawa.

Kafin ta tafi, likitanta ya rubuta takarda mai bayanin jininta, magungunanta, da abin da ake yi mata idan ciwon ya tashi. A makon farko ta kai takardar asibitin makaranta a Samaru, ta buɗe kati, ta tambayi yadda inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP take aiki. In abu ya yi tsanani, asibitin koyarwa na Shika yana kusa.

Hunturun Zariya a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro kuwa suna tayar da ciwon. Ki haɗa mata bargo, rigar sanyi, safa, gidan sauro da gorar ruwa. Wanka sai da ruwan ɗumi.

Kada kunya ta sa ta ɓoye wa abokiyar ɗakinta ciwon, domin ita za ta ji nishinta da tsakar dare. Ki karɓi lambar abokiyar ɗakin. Ke da 'yarki kuma ku tsayar da lokacin waya, kamar bayan Isha'i, ki riƙa jin yadda take ci da barci, musamman lokacin jarrabawa.