Sunayen Giya a Bakin Bahaushe: Nazari Daga Ƙasar Kebbe

Wannan ɗan nazari zai nuna yadda Bahaushe ke rarrabe abin sha mai sa maye gwargwadon tushensa. Burkutu da tsirarriyar dawa ake dafa shi. Bammi kuwa ruwan tukurwa ne ko na kwakwa. Ta kwalba, irin su Star da aka fara yi a Ikko a 1949, an fi kiranta barasa. Kalmar giya ta game su duka.

A ƙasar Kebbe, inda Musulunci ya kafu, fura da nono da kunu ne abin shan jama'a, kuma Shari'ar da Jihar Sakkwato ta ƙaddamar a 2000 ta haramta giya. Amma kalmar ba ta mutu ba, domin shugaban da ya manta da talakawansa akan ce giyar mulki ce ke ɗibarsa.