Harshe a Ɗakin Likita: Nazarin Tambayar da Ake Yi wa Majinyata kan Taba

Gabatarwa

Sashe na 14 na yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ya ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa masu son barin taba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a wannan shekara, ta kuma kafa dokar taƙaita amfani da taba a 2015. Sauke nauyin kuwa yana hannun ma'aikacin lafiya, wanda cunkoson majinyata kan sa ya manta da batun.

Dabarar Tunatarwa

A 1991 Michael Fiore, wani likita ɗan Amurka, ya ba da shawarar a riƙa rubuta matsayin majinyaci game da taba a katinsa, kamar yadda ake rubuta awon jini da zafin jiki. Gurbin da ke katin shi zai tunatar da ma'aikaci matakai biyar: tambaya, nasiha, auna niyya, tallafi, da sa ranar dawowa. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi ta nuna cewa gajeriyar nasihar likita kan ƙara mutum 1 zuwa 3 cikin 100 a kan masu bari.

Matsalar Harshe

Wannan maƙala na ganin amfanin tunatarwar ya rataya a kan lafazin tambayar. "Kana shan taba?" sigari take kawowa a zuciyar Bahaushe. Mai shaƙar garin taba ko mai sa shi a baki zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba, domin aikatau "sha" bai ƙunshi aikinsa ba. Matashi mai zuƙar shisha ma ba ya lissafa kansa cikin mashaya taba.

Sannan akwai kunya. Ƙaramar ma'aikaciyar jinya kan ji nauyin tambayar sa'an mahaifinta, matar aure kuma da wuya ta amsa a gaban miji.

Kammalawa

Ya kamata katin ya ambaci kowane nau'i da sunansa, a yi tambayar a keɓe, cikin lafazin girmamawa: "Baba, kowa muke tambaya: ko kuna amfani da sigari, ko garin taba, ko shisha?" Tsara irin wannan lafazi, tare da lura da bambancin karin harshe, aiki ne da ke jiran masana Hausa.