Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Tsohon Akwatin DI Mai Wuta Yake Aiki

Wani mai sauraro ya nemi bayani kan tsofaffin akwatunan DI masu amfani da wuta, wato na'urorin da ake sakawa tsakanin jita da na'urar haɗa sauti.

Siginar da jita ke fitarwa rarrauna ce, kuma idan ta shiga da'ira mai ƙaramar turjiya, wato wadda ke zuƙar lantarki da yawa, sai siraran muryoyinta su dushe. Akwatunan farko, irin wanda Ed Wolfrum ya ƙera a birnin Ditiroit na Amurka a shekarun 1960, taransifoma kaɗai suka dogara da ita. Masu wuta kuwa, irin su Countryman Type 85, sun sanya taransista nau'in FET a mashiga, wadda turjiyarta ta kai ohm miliyan 10, don haka ba ta ɗora wa jita nauyi, sannan taransifomar mafita ta daidaita siginar domin ta bi doguwar wayar makirufo ba tare da kwasar ƙugi ba. Wannan tsari ya cancanci yabo saboda sauƙinsa, domin batir mai bolt 9, ko bolt 48 da na'urar haɗa sauti ke turowa ta wayar, ya wadatar da shi.