DARASIN MAKO: YADDA MUKA KAFA RUMFAR KATAKO A LAMBUN MAKARANTA

Duk wanda ya zaga bayan ajujuwa a kwanakin nan ya ga sabuwar rumfa a gefen lambu. Mu 'yan aji biyu muka kafa ta, da taimakon malamin aikin gona da wani dattijon kafinta na unguwarmu. Mun rubuto yadda muka yi ne don wanda yake so ya yi irinta a gida ko a gona.

Me ya sa muke bukatar rumfa?

Mu 'ya'yan Bakolori ne. An gama madatsar ruwan nan a 1978 a kan Kogin Sakkwato, kuma ruwanta ne ke bin kwalbatoci yana shayar da gonaki a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Shi ya sa iyayenmu ke noma rani da damina: shinkafa, albasa, tumatir, masara da dankali. Wanda ke noma duk shekara kuwa dole ya sami wurin ajiye kayan aiki.

Bara mun yi wata rumfa cikin gaggawa. Muka sa itace a ƙasa haka nan, muka ɗora kwano muka danne da duwatsu. Kafin watan Agusta gara ta cinye gindin dirkokin, hadari ɗaya ya kwantar da ita. Fartanyoyinmu suka yi tsatsa, rabin buhun takin zamani ya jiƙe ya narke, irin albasar da muka ajiye ya lalace. Kuɗin da muka tara daga sayar da alayyafo ne suka tafi a banza. Bana muka ce sai mun koyi aikin tukuna.

Kayan da muka tanada

Dirka 7 (3 na gaba, 3 na baya, 1 ta ƙofa), katakon rufi, falankai na bango, kwano 12, ƙusoshi, langalanga, siminti buhu 1, yashi da tsakuwa, baƙin mai, da kwaɗo. Kayan aiki kuma: zarto, guduma, tef na awo, igiya, turaku, diga da shebur.

Mataki na 1: Zaɓen wuri

A nemi tudu, wurin da ruwa ba ya kwanciya. Kada a matsa kusa da kwalbati ko bakin fadama, kuma a yi nesa da suri. Mun juya ƙofarmu yamma, domin a ƙasarmu hadari da iska mai ƙarfi daga gabas suka fi tasowa. Idan ƙofa ta kalli gabas, ruwa zai riƙa shiga har ciki, iska kuma ta sami hanyar ɗaga rufi.

Mataki na 2: Awo

Rumfarmu tana da tsawon mita 3 da faɗin mita 2. A nan ne lissafin da muke yi a aji ya yi mana rana. Don kusurwa ta miƙe daidai, mun yi amfani da dabarar 3, 4, 5. Daga turken kusurwa muka auna santimita 90 a gefe ɗaya, santimita 120 a ɗaya gefen. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba da santimita 150 cif, to kusurwa ta yi. Dalili shi ne 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 sha shida ne, a haɗa su a sami 25, wato 5 sau 5. Wannan ita ce ƙa'idar Pythagoras. Mu kawai mun ninka kowace lamba sau 30.

Da muka kafa turaku huɗu, sai muka ja igiya a karkace daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, muka sake yi a ɗaya ɓangaren. Dukansu biyu suka ba da kusan mita 3.6. In da ɗaya ta fi ɗaya, da mun san wurin ya karkace.

Mataki na 3: Kare dirka daga gara

Mun haƙa ramuka masu zurfin santimita 60. Kafin mu sa dirka, muka shafe gindinta da baƙin mai har ya wuce inda ƙasa za ta tsaya, muka bar shi ya sha. Wasu kuma babbaka gindin suke yi a wuta har ya yi baƙi. Muka zuba tsakuwa a ƙasan rami, muka tsayar da dirka, muka cika da kwaɓin siminti. Don mu san ta miƙe, mun ɗaura dutse a igiya muka sako shi a jikinta.

Wani daga cikinmu ya ce wa kafinta, "Baba, mu ɗora rufi yau mana mu huta." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai saurin nan ne ya kayar muku da ta bara. Ku bar siminti ya kama tukuna." Kwana uku muka yi muna yayyafa masa ruwa safe da yamma.

Mataki na 4: Gangara da tokara

Dirkokin gaba sun tashi mita 2.4 daga ƙasa, na baya mita 2. Bambancin santimita 40 ɗin nan shi ke sa ruwa ya gangara baya. A tuna da zurfin rami wajen yanka: ta gaba mita 3 ce, ta baya mita 2.6.

Bayan mun haɗa dirkoki da katako ta sama, sai muka buga wani katakon a karkace a kowane bango. Malam ya nuna mana dalili da kara. Ya haɗa kara huɗu, ya tura, suka lanƙwashe. Ya haɗa uku suka zama alwatika, ya tura, suka ƙi motsi. Ashe rashin wannan tokarar ma yana cikin abin da ya kayar da tsohuwar rumfa.

Mataki na 5: Rufi

Ana fara jera kwano daga ƙasa, wato ta baya, sannan layin sama ya hau kan na ƙasa don kada ruwa ya bi ta tsakani. Ana buga ƙusa a kan tudun kwano. In aka buga a cikin kwarin, nan ne hanyar ruwa, rufi zai yi yoyo. Mun bar kwano ya zarce bango kaɗan ta kowane gefe, kuma muka ɗaure katakon rufi da dirka da langalanga. Wanda ba shi da kuɗin kwano zai iya yin jinka da ciyawa, ita ma tana da sanyi, sai dai tana son gyara akai-akai kuma a kiyaye ta daga wuta.

Mataki na 6: Bango da ciki

Mun buga falankai, muka bar taki ɗaya tsakaninsu da ƙasa don kada su sha laima. A sama mun bar 'yar kafa iska ta riƙa shiga. Zana ko asabari ma suna yi idan katako ya yi tsada. A ciki muka yi ɗan dandamali na ɗora buhun taki, muka buga ƙusoshi a bango na rataye fartanya da manjagara da butar ban ruwa.

Gargaɗi

Kada ɗalibi ya hau rufi ko ya riƙe zarto ba babba a wurin. Bakin kwano yana yanka kamar wuƙa. Kada a zubar da baƙin mai a cikin lambu, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Maganin feshi a ajiye shi can sama a kulle, nesa da iri da duk abin da za a ci. Kada kuma a sare bishiyar makaranta don neman dirka.

Yanzu kowace Juma'a mutum biyu ne ke duba gindin dirkoki. In sun ga gara ta fara ɗora ƙasa, su kankare su gaya wa Malam.

Tambayar mako

Idan rumfa tana da tsawon mita 4 da faɗin mita 3, mita nawa igiyar da aka ja a karkace za ta ba da? A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.