Kunun Kwal Da Baƙin Mai

'Yan'uwana ɗalibai, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, sai darasin abubuwan da a ke ƙonawa cikin injuna ya faɗo a kaina. Ina cikin ba da labarin kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a Udi a 1909, sai wani yaro ya tambaye ni ko ana iya tura kwal ta bututu kamar mai. Na ce ana iyawa. Ya ce, "Malam, ai dutse ba ya gudana." Aji ya fashe da dariya. Na ga in ban nuna musu da ido ba, ba za su ƙara gaskata ni ba.

Ga yadda a ke yi. Akan niƙa kwal ya zama gari, a dama shi da baƙin mai ko da ruwa, ya zama kamar kunu. A Amurka an yi bututu mai tsawon mil 273 daga Arizona zuwa Nebada, wanda ya yi ta kai kwal dame da ruwa daga 1970 har 2005. Da mai ya yi tsada a 1973 kuwa, masana suka duƙufa a kan gauraya kwal da baƙin mai, domin man ya yi auki.

To, amma kunun nan yana da wuyar sha'ani. Kwal ya fi mai nauyi, saboda haka in an ajiye shi garin yakan kwanta, ya toshe bututu. In kuma ya cika kauri, famfo ba ya iya tura shi.

Na samo ɗan kwal, na daka a turmi, na tankaɗe, na kawo kwalabe uku da man gyaɗa. A ta fari na zuba tsakin, a ta biyu garin mai laushi kaɗan, a ta uku garin da yawa. Kafin a tashi, tsakin ya kwanta duka. Na biyu yana nan a gauraye. Na uku kuwa muka juya kwalbar, ya ƙi zubowa sai da aka girgiza shi.

Dalilin na fari, wani masanin Kambirij mai suna Stokes ya bayyana shi a 1851: in aka rage kaurin ƙwaya da rabi, saurin nutsewarta yakan ragu sau huɗu. Amma gari mai laushi ƙwarai yakan riƙe mai da yawa a jikinsa, kunun ya yi kauri. Don haka masu aikin sukan gama manyan ƙwayoyi da ƙanana, ƙananan su cika tsakanin manyan, kamar yashi cikin tsakuwa. Sukan sa ɗan magani mai hana ƙwayoyin dunƙulewa, su kuma ɗumama man don ya saki. Abin da a ke nema shi ne kunun da zai yi kauri in yana ajiye, ya tsinke in an motsa shi.

Yaron nan da kansa ya girgiza kwalba ta uku, ya ce, "Ashe sai an dama." Shawarata gare ku ita ce, in yaro ya musa muku, kada ku tsawata masa. Ku nemo kwalba.