Wa Zai Zauna Kusa da Tumatir?

A aikina na malamin gona, tambayar da masu ƙaramin lambu a gida suka fi yi mini a 'yan shekarun nan ita ce: "Malam, wane ganye ne abokin tumatir?" Kafin in amsa sai a miƙo mini waya, ga jadawalin da ake yaɗawa a WhatsApp, an jera tsirrai wai wannan na ƙaunar wancan, wancan na gaba da wannan. Galibi don lambunan Turai da Amurka aka tsara shi, da yawa daga tsirran ciki ma ba za ka samu irinsu a kasuwarmu ba.

Haɗa shuka ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun daɗe suna gicci, gero ko dawa da wake a gona ɗaya, kuma a tashar IITA ta Kano an inganta tsarin zuwa layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, don waken ya samu rana. Mai gicci abu uku yake dubawa: wa zai riga wa tashi, wa zai yi wa wa inuwa, kuma saiwar wa ta fi nitsewa. Su ne dai za ka duba a fangalinka.

Lokaci ya fi komai sauƙin cin moriya. Idan ka dasa tumatir da tazarar santimita 50 zuwa 60, ƙasar da ke tsakani za ta zauna fili kusan wata guda, tana shan ruwanka tana fito da ciyawa. Yafa alayyahu a wurin. Cikin mako 3 zuwa 4 ka tuge shi an yi miya, tumatir bai ma rufe ba. Latas ma haka. Sai dai a tuge a kan kari. Alayyahun da aka bari ya tsufa zai ƙwace wa tumatir taki.

Da rani rana tana karkata kudu, don haka dogaye irin su kuɓewa, rama da masara a ajiye su gefen arewa. Albasa ba ta jure inuwa, saiwarta kuma a sama-sama take, kowa zai iya cin zalinta. Kabewa a tura ta bakin katanga ta hau.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda na gani bara a gidan wata Hajiya. Cike da fara'a ta nuna mini fangali huɗu: tumatir, attaruhu, tattasai da yalo. "Ɗana, ka ga na haɗa iri-iri kamar yadda kuke faɗa, amma da azahar duk sai su yanƙwane, alhali ba na hana su ruwa." Na ce, "Hajiya, ai 'yan ɗaki ɗaya kika tara." Dukansu dangi ne, har da dankalin Turawa, kuma cutar da ta kama ɗaya ba ta ƙyale sauran. Na tuge tumatir guda, saiwar duk ta yi ƙulli-ƙulli. Aikin wata ƙaramar tsutsar ƙasa ne da ido ba ya gani, tana toshe hanyar ruwa a saiwa, kuma kuɓewa ma ba ta tsira daga gare ta. Shekara uku ana dasa dangi ɗaya a wuri ɗaya, dole tsutsar ta yi gida.

A nan mutane ke ruɗewa, domin saiwar wake da gyaɗa ma tana da ƙulli, amma nata na alheri ne. Ga yadda ake bambancewa: na wake yana maƙale a gefen saiwa, kana murzawa zai cire, in ka fasa shi cikinsa ja-ja ne, alamar ƙwayoyin da ke ciki suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya cirewa. Kada kuma a ɗauka wake yana ciyar da maƙwabcinsa nan take. Mafi yawan amfanin na shukar da za ta biyo baya ne, shi ma sai an bar saiwa da ganye a ƙasa, ba a kwashe wa awaki duka ba.

Furen marigol yana rage wannan tsutsa, amma sai an cika fangalin da shi na wata 2 zuwa 3 kafin dashe. Guda biyu a kusurwa ado ne kawai. Ƙamshin albasa ko ɗoɗɗoya kuwa ba na yarda kowa ya dogara da shi a gaban tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Wannan sai duba ganye kullum da safe, a tsinke wanda ta huda a binne.

Da Hajiya muka shirya haka: fangali biyu albasa, ɗaya masara, ɗaya marigol. Tumatir ya koma buhuna da sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, can kusa da rijiya.